Rabin Saran Yaya Bawa

Zafin bazarar bana ne ya tono min abin da na daɗe da binnewa. Irin zafin nan ne da za ka cika randa da safe, kafin azahar ruwan ya koma kamar an sauke shi daga murhu. Ina kwance a zaure a nan Bunguɗu, ina fama da mafici, sai ga ɗana Sani, wanda yanzu sai ka ce Alhaji yake waiwayowa, ya tsaya min a ka yana kaɗa makullin mota. Wai in tashi mu tafi Gusau in taya shi zaɓen katafila.

Na ce, "Ni? Ni da ko keke ban taɓa zaɓe ba?"

Ya ce, "Baba, gonarka za ta fara ci. Ba na son in kawo abu ka ce ba a yi shawara da kai ba."

Ya san halina sarai. Na yi 'yan ƙunƙunina, na nemi hulata, na bi shi.

Gonar da yake magana tana dajin bayan Nahuce. Mu muka sare ta da hannunmu tun ina saurayi, amma rabinta ya koma daji, don hannuwa sun ƙare. Yara sun tafi makaranta, daga makaranta sun wuce ofis, in ka kira gayya yanzu sai tsofaffi irina su zo su taya ka tari. Sabara da geza da kalgo sun dawo sun zauna abinsu. Sani ya ce zai sayi ƙaramar katafila ta farko, ya share tamu, sannan ya riƙa kai ta haya ƙauyuka. Ban ƙi ba. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya min a rai tun da muka shiga mota, wato wata tsohuwar kirya da ke tsakiyar gonar.

A Sabon Gari muka tarar da su a wani fili mai katanga, wurin wani mutum mai sayar da injunan da suka yi aiki suka gaji. Guda biyu ya nuna mana. Babbar, bakinta ya fi ƙofar zaurena faɗi, sarƙar ƙafarta ta kawo min ƙugu. Ƙaramar tana gefe, fentinta ya kwaile, kamar an kawo ta rakiya. Mai sayarwa ya dafa babbar yana ta kirari.

"Alhaji, wannan ba ta san itace ba. Kuka ma in ta sa mata baki sai ta durƙusa."

Shi yana ganin talla yake yi, ni kuwa gabana ne ya faɗi. Na bar su suna zancen mai da kayan gyara, na jawo direban da Sani ya ɗauko, wani siririn mutumin Tsafe mai suna Mamman, na kai shi wurin ƙaramar.

Na ce, "Kai, gaya min gaskiya. Wagga tana iya zagaye itace ta bar shi tsaye?"

Ya yi dariya. "Baba, ko kaza ce ta kwanta kan ƙwai, ina zagaye ta ba ta tashi ba."

Na juya na ce wa Sani, "Ita muke so."

Dama shi ma ƙaramar ce a ransa, don ana iya ɗora ta a babbar mota a shiga da ita ƙauye, kuma ba ta shan mai kamar babbar. Aka yi ciniki aka gama. Sai da muka fito gari muka kama hanyar gida ya dube ni ta gefen ido.

"Baba, saboda kiryar nan ne ko?"

Na ce, "Saboda ita ne."

Sani ya tashi ya ji ana cewa kiryar Yaya Bawa, kamar yadda ake cewa rijiyar wane ko tudun wane. Suna ne kawai a wurinsa. Bai taɓa ganin mai sunan ba, ni ma rabona da ganinsa ya haura shekara hamsin.

Yaya Bawa wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A shekarun da ake shimfiɗo hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Gusau, ni gemu ya fara tsiro min, shi kuwa ya zama cikakken namiji, faffaɗan ƙirji, ga baki kamar me. Gonakinmu na bakin gari sun gaji, wuta-wuta ta cinye su. Daminar da ta wuce kuma ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ya ɗauki ciki, muka girbe kara da ƙaiƙayi. Sai Malam, mahaifinmu, ya je wurin mai gari ya roƙi daji, aka ba shi bayan Nahuce. Muka zagaye wurin muna ƙulla ciyawa a rassa, don duk wanda ya zo ya san da mai shi.

Da bazara ta shigo muka fara sassabe. Ana idar da asuba za mu kama hanya, Malam a gaba, Yaya da gatari a kafaɗa, ni da adda da goran kunun da Inna ta dama. Kunu ne dai a suna, in ka leƙa goran kana hango gindinsa. Ƙananan itatuwa da adda ake bi, a sare su daidai gwiwa. Manya sai gatari. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya ba a taɓa su, ko reshe ka sara sai ka sha zagi. Abin da aka sare a ja shi a tara a gindin kututture, a bar shi rana ta gasa, ran da iska ta kwanta a cinna wuta. Washegari ka zo ka tarar da toka fara fat, ƙasa na ɗumi a tafin ƙafarka.

Kai, rana ta duka mu! Kafin hantsi ya ɗaga ƙotar gatari ta yi zafi, gumi na shiga ido, ƙananan ƙudajen nan masu son gumi suna bin hanci da kunne. Farar ƙaya ta yi mana zane a jiki tun daga wuya har idon sawu. Ruwan sha sai na gangara gulbi na tona yashi da hannu, in jira ya tsattsafo ya kwanta, in cika gora. Kafin in dawo na sha rabi a hanya, Yaya ya girgiza goran ya ce, "Audu, wanga gora naka yoyo yake ta baki."

Malam ya kira gayya sau ɗaya. A shekarar ƙoshi, mai gayya tuwo yake yi da fura har a bar saura. Mu kunun dusa muka fitar da ɗan ruwan tsamiya, Inna tana ɓoye fuska don kunya. Ba wanda ya raina, don kowa ya san abin da ya baro a gidansa. Makaɗin ma a zaune ya yi kiɗan, mutane suka yi sara har la'asar, suka sha abin da aka samu, suka yi mana fatan alheri suka watse.

Akwai wata al'ada ta masu sassabe a wurinmu. Duk wanda ya fara sa gatari a babban itace, nasa ne har ya faɗi. Ba a ƙarasa wa mutum sara sai in shi ya ce da bakinsa, ko kuwa in ya mutu. Ka ƙarasa wa mai rai, ka ce masa rago ke nan, ko kuma kana yi masa fatan kabari. Na ga an yi dambe a kan wannan har da fasa baki.

To, a ɓangaren da Malam ya yanka wa Yaya a matsayin gayaunarsa, wato 'yar gonarsa ta kansa ban da gandun gida, akwai wata kirya madaidaiciya, miƙaƙƙiya. Kowa ya san kirya, gatari tsoronta yake. Malam ya ce a tara mata ƙirare a gindi a bar wuta ta yi aikin. Yaya ya ce atafau. Turmin Inna ya tsage tun bara, an ɗaure shi da fata, in tana daka gari na zuba ta gefe. Ya ce wannan kiryar turmin Inna ce, wuta ba za ta ɓata masa ita ba.

Malam ya ce, "Turmi? Mi za a daka a ciki, iska?"

Yaya ya ce, "Malam, ai ba kullum ake yunwa ba."

Bahago ne. Malam ya yi duka har ya gaji a kan cin tuwo da hagu, ya samu ya gyara wannan, amma gatari ya ƙi komawa dama. Don haka saransa daban yake da na kowa, ta ɗaya gefen yake karkacewa, ko cikin itace ɗari ka gani ka san nasa. Kullum in mun tashi daga aikin gandu, mu mun zube a inuwa, shi sai ya tofa yawu a hannu ya nufi kirya. Gatarin ya riƙa tsalle yana dawowa, ɓarɓashi ja kamar nama yana fita kaɗan-kaɗan. Ya yi ta kai gatari maƙera ana gyara masa baki. A haka, da cikin da ba kome, ya ci rabinta.

Sai yunwa ta daina wasa. Ranar da aka zura ni cikin rumbu da tsintsiya, na share ƙasan na fito da abin da bai cika ƙwarya ba, rabinsa kashin ɓera, ranar na ga Malam ya zauna a ƙasa ba tabarma. Iri kuwa Inna ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka, ta ce duk wanda ya matsa kusa da shi ba ita ta haife shi ba. Ba ɓarawo take tsoro ba, mu take tsoro, da kanta. Muka koma dusa da miyar kuka ba tuwo. Mata suna tona gidan tururuwa suna kwashe 'yan tsabar da suka tara. Goruba da aduwa suka zama abinci. In ka miƙe tsaye da sauri sai duniya ta yi duhu, ka dafa bango ka jira ta dawo.

Ana cikin haka aka ce masu aikin diga, wato shimfiɗa hanyar jirgi, sun iso wajen Tsafe, kuma an ce mai gari ya ba da mutane daga kowace unguwa. An ce aikin kashe mutum ne, amma ana ba da awon dawa. Sunan gidanmu ya fito. Malam ya fara neman sandarsa, Yaya ya ce wallahi ba inda Malam za shi yana raye, shi zai tafi.

Ranar da zai tafi sai da ya biya ta gona, na raka shi. Ya tsaya gaban kiryar ya shafa bakin saran, sannan ya miƙo min gatarin.

"Riƙe min wanga. Ka yi aiki da shi, ban hana ba. Amma Audu, kada ka taɓa min kirya. In na dawo na iske ka ƙarasa, ƙafarka zan karya."

Na ce, "Ni da ko dariya ba ni da ƙarfin yi, ina ni ina kirya?"

Ya buga min ƙeya ya ce da ruwa ya zauna yana nan tafe. Na tsaya ina kallonsa yana ratsa toka, sawunsa na fita ɗaya bayan ɗaya, har ya shiga duhuwar da ba mu kai ga sarewa ba.

Ruwa ya sauka. Har gobe in na ji ƙamshin ruwan fari a kan toka sai yunwa ta faɗo min a rai, don da ita na fara saninsa. Inna ta fasa bakin tulu, Malam yana gaba da sungumi yana sara, ni da ita muna bi muna jefa iri muna take wa da diddige. Sau nawa na kai tsaba kusa da baki na mayar! Shuka ta fito kore shar, sabuwar ƙasa ba ta ƙarya. Amma mafi wuya shi ne tsakiyar damina, lokacin marka, gona ta yi kyau kamar ka ci ganyen, gida kuwa ba abin ɗorawa. Ruwa na zuba kwana da kwanaki, itace ya jiƙe, ɗaki na yoyo, muna noma a sunkuye muna hutawa a kan ƙotar fartanya. Tafasa da yaɗiya da rama, su suka riƙe mu, a dafa a matse a ci ba ƙuli ba mai.

A cikin markar nan wani mutumin Rawayya da ya gudo daga diga ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya kwance wani ƙunshi daga cikin rigarsa, dawa ce da ɗan gutsuren kanwa. Ya ce Bawa bahago ya ce a kawo wa Inna, awonsa ne yake ragewa. Ya ce yana lafiya, sai dai ya rame, kuma ya ce a gaya wa Audu yana sane da ƙafarsa. Inna ta yi dariya ta yi kuka a lokaci guda. Wannan dawar ita ta kai mu ga tumun sabon gero, ba don ita ba ban san ko da wa da wa za a ga kaka ba. Daga ita kuma ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Ranar da aka fara karyo tumu, Inna ta gasa, ta ba Malam, ta ba ni, ta soke zangarniya guda a jinkar ɗakinta ta ce ta Bawa ce. Shekarar muka yi amfanin da ban sake ganin irinsa ba. Rumbu ya cika har muka gina wani. Ana ta daka a tsohon turmin nan mai ɗaurin fata, gari na zuba ta gefe, ba mai damuwa ya kwashe.

Da aka gama ɗaurin dawa na ɗauki gatarin na tafi Tsafe a ƙafa. Na tarar sansanin ya tashi, sai murhu da tsummoki, ga ƙarfen jirgi ya miƙe yana ƙyalli. Na bi shi har Gusau ina tambaya. Wani ya ce akwai wani bahago da zawo ya kama aka bar shi a wani ƙauye, bai san sunan ƙauyen ba. Wani ya ce ya bi masu zuwa haƙar kuza. Wata mai sayar da fura ta ce ta ga mai kama da shi ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa. Na dawo na zube wa Inna labaran nan uku a gabanta, ta duba ta zaɓi na ƙarshe.

"Awo, gabas ya yi. Bawa dama mai son ibada ne."

Bawan da sai an yayyafa masa ruwa yake tashi asuba! Malam ya dube ni, na dube shi.

Shekara ta juyo, wata ta bi ta. Mutane suka fara zuwa da irin maganar da ake yi. In wani ya ce, "Allah ya jiƙan Bawa," Inna ba ta cewa amin. Sai ta gyara zama ta ce, "Wa ya ce maka ya mutu? Tafi ka dubi kiryarsa." Kiryar kuwa ta ƙi mutuwa. Ɓawo ya naɗo ta gefen saran ya yi masa leɓe, kowace bazara ta fitar da sabon ganye, da rabin jiki. Ba wanda ya noma gayaunar, don ba a shiga gonar mai rai ba da izninsa ba. Geza da sabara da marke suka taso suka kewaye kiryar, wurin ya zama ɗan kurmi a tsakiyar gona, muna noma muna zagaye shi.

Malam ya rasu. Da aka zo rabon gado aka ce shekarun da shari'a ke jira sun cika, na ce a bar gayaunar yadda take, ba ta tsare wa kowa kome ba. Inna ta daɗe bayansa, har ta ga Sani yana rarrafe. Ciwonta na ƙarshe, ina zaune kusa da ita, ta kama min yatsa ta ce, "Audu, kar a ƙarasa." Ba ta ce mene ne ba, ban kuma tambaya ba.

Ni ba yaro ba ne, ba kuma mahaukaci ba. Na san mutumin da ya rage awonsa ya aiko wa uwarsa ba zai yi shekara hamsin yana raye bai aiko ko da gaisuwa ba. Amma sani daban, faɗi daban. Duk tsawon shekarun nan, in aka yi masa addu'ar matattu a gabana, sai tari ya taso min, ko in juya in tambayi na kusa da ni ko an yi ruwa a wajensu. Mutanen Bunguɗu sun gane, tsofaffin suka daina, yaran ba su ma san da shi ba. Gatarin yana ƙarƙashin gadona, na sake masa ƙota ban san iyaka ba.

Wannan duka na gaya wa Sani tsakanin Gusau da gida, iyakar abin da baki ya iya. Ya ce, "Ba mai taɓa ta, Baba."

Aka kawo katafila a bayan babbar mota, Nahuce kaf ta fito kallo. Mamman ya hau ya murɗa, ta yi tari ta tofar da baƙin hayaƙi, yara suka watse. Ta sunkuyar da baki ta shiga sabara. Jama'a, abin da ya ci mana bazara guda da jininmu, abin nan ta tattare shi cikin 'yan kwanaki tana wasa. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Saiwoyin kalgon da suka yi shekaru suna fasa min ƙauri, na ga an tumɓuko su an juya su sama, na ce madalla, ku ma ku ɗanɗana. Ina zaune gindin tsamiya da butata ina ba da umarni, ba mai ji na saboda ƙara. Mamman ya cika alkawari, ɗorawa da kaɗanya duk ya zagaye su, ƙaramar tana juyawa a wuri ɗaya kamar mai rawa.

Da aka iso ɗan kurmin Yaya na ɗaga sanda, ya kashe inji. Niyyata tun daga gida a bar wurin gaba ɗaya.

Mamman ya ce, "Baba, wanga kurmi gidan tsuntsu ne da ɓera, duk abin da aka shuka kusa su za su ci. Bari in aske mata kewaye, in bar ta tsaf ita kaɗai."

Sani ya ce, "Ai itacen ne alkawari, Baba, ba sabarar ba."

Na dubi 'yar katafilar nan. Na ga yadda ta bi gefen kaɗanya ko ganye ba ta kaɗe ba. Da babbar ce, wallahi ko inuwar kurmin ba zan bari ta taka ba, da na kwanta a gabanta. Ƙanƙantarta ce ta sa na saki jiki. Na sauke sandar na ce, "To, a hankali."

A hankalin ya yi. Ko ƙwarzane bai yi mata ba. Kafin la'asar kirya ta fito fili ita kaɗai, rabon da in gan ta tun daga ƙasa har sama tun ina saurayi. Ashe ta yi tsawo haka, ta yi kai mai nauyi. Ashe kuma wurin saran ya zama siririn ƙugu, duk wannan nauyin a kan rabin jiki yake zaune. Mutane suna ta yaba aikin Mamman. Ni na dawo gida ban iya cin tuwo ba, ban kuma san dalili ba.

Ba a yi sati biyu ba hadarin fari ya haɗo. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, kaji suka shige akurki, sai iskar nan da ke riga ruwa ta taso tana kwasar kwanoni da tabarmi. Ina tsaye bakin zaure ina kallon dogon yaro na ƙofar gida yana sunkuyawa, sai abin ya faɗo min a rai. Shekara hamsin ba kiryar kaɗai ke karɓar iska ba. Gezar nan da marken nan da na bari aka aske, su ke tare mata. Na ce innalillahi, na zauna a dakali, ruwa ya same ni a nan.

Da safe Mamman ya zo a kan babur, ya tsaya nesa yana murza hula.

"Baba, itacen ya faɗi."

Na ce na sani. Na shiga ɗaki na durƙusa na jawo gatarin, Sani ya fito da mota.

Gonar ta sha ruwa, ta yi ja, shimfiɗe ba ko kututture, ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. Kiryar tana kwance ta miƙe yamma, ganyenta ko yaushi bai yi ba. Ba ta tumɓuke ba, saiwarta na nan daram. A daidai saran ta karye. Na sa hannu cikin tsohon ramin, na share ƙasa da gidan gizo-gizo, sai ga sawun gatari, sun yi baƙi amma suna nan ɗaya bayan ɗaya, duk sun karkace ta hagu. Na bi su da yatsa. Kai ka ce jiya ya tofa yawu a hannu.

Ta gefe guda akwai sauran tsoka da ɓawo, kaurin cinyar mutum, da ba su rabu ba, suna riƙe da gangar jikin a kan kututturen. Mamman ya ce bari ya tayar da inji ya ture ta, abu kaɗan ya rage. Na ce kada ya kuskura.

Muka tsaya mu uku a kanta. Can Sani ya cire hula, ya ɗaga hannuwa, ya ce a hankali, "Allah ya jiƙan Baba Bawa. Allah ya sa ya huta."

Mamman ma ya ɗaga nasa. Suna jira na. Na nemi tarin nan da ya saba zuwa, bai zo ba. Na duba gefe ko akwai wanda zan tambaya labarin ruwa, ga ruwan a ƙarƙashin ƙafata.

Na ce, "Amin."

Sannan na tuɓe riga na ba Sani, na tofa yawu a hannu. Ya ce in kawo ya yi min, na ce ba aikinsa ba ne. Na daɗe ina yi, ina sara ina hutawa, don kirya ba ta san tsufa ba. Ni da hannun dama nake sara, don haka nawa ya shigo ta ɗaya gefen, yana gangarowa har ya iske na Yaya.